Kofi mai murfi don tafiyar ƙasa da jakar goyo: titaniyam, alminiyam, roba ko filas?

Wanda zai yi kwana biyu ko uku yana tafiya a ƙasa, kayansa duka goye a bayansa, yakan so ya sami mazubi guda da zai yi masa aiki uku: ya tafasa ruwa a ciki, ya sha shayi da zafinsa, sannan ya rufe ya cusa a jaka ba tare da ya jiƙa masa bargo ba. Irin wannan mazubi babu shi a kasuwa, kuma ba gazawar masu ƙira ba ce. Abin da za a ɗora a wuta dole murfinsa ya bar tururi ya fita, don haka in aka kifa shi zai zubar. Abin da ke riƙe zafi ruɓi biyu ne, ruɓi biyu kuwa ba ya shiri da wuta. Abin da ke toshewa ruf, da roba yake toshewa, roba kuma narkewa take yi. To kafin a zo maganar titaniyam ko alminiyam, tambayoyi biyu ne ke raba gardama. Za ka ɗora shi a wuta? Za ka saka shi a jaka da ruwa a cikinsa?

Murfi tukuna

Masu saye sukan duba jikin kofi su manta da murfi, alhali a murfin ake shan wahala. Iri uku ne, kuma kowanne da iyakarsa.

Na farko murfin ɗorawa ne, irin na tukunya. Na titaniyam nauyinsa tsakanin giram 15 da 20 ne. Babban amfaninsa a kan wuta yake. Tafasa rabin lita, wato kimanin ledar fiya wota ɗaya, yakan ci giram 6 zuwa 8 na gas idan babu iska kuma an rufe, saboda haka ƙaramin gwangwanin gas na giram 100 zai yi tafasa goma sha biyu zuwa sha shida. In aka bar baki a buɗe, zafi na bin tururi yana tafiya, gas ɗin ya ƙare da wuri. Ga kuma hana toka, ƙuda da ƙurar hunturu faɗawa ciki. Illolinsa ƙanana ne amma masu ban haushi: yana sulluɓewa idan ka karkata za ka tsiyaya, yana ƙara a jaka duk takun da ka yi, kuma ɗan mariƙin da ke kansa yakan kwanta, sai ka riƙa neman tsinke kana ɗaga shi a cikin tururi. Ka nemi wanda mariƙinsa ke tsayawa da kansa, wanda kuma ke da 'yan huji a gefe guda, don su ne mafitar tururi, su ne kuma matatar ganyen shayi. Ƙarar kuwa, roba ɗaya ta ɗaure kuɗi ko 'yar jakar raga ta isa ta kashe ta.

Na biyu murfin dannawa ne mai hudar kurɓa, na roba. Yana hana fantsama, yana kuma riƙe zafi fiye da yadda ake zato, domin yawancin zafin shayi ta sama yake gudu, ba ta jikin kofi ba. Amma ko da an sa masa ɗan marfi mai zamewa a kan hudar, kada a amince masa a cikin jaka. Yana da wata 'yar huda kamar ta allura da iska ke shiga. Idan sukari ya daskare ya toshe ta, shayi zai riƙa fitowa yana tsayawa, sannan ya kwararo maka gaba ɗaya. Idan kuma aka rufe hudojin biyu a kan ruwan da ya tafasa yanzu, tururi na iya tunkuɗo murfin. Kuma ba a ɗaukar kofi ta murfinsa.

Na uku, murfin murɗawa, shi kaɗai ne ake iya kwantarwa a jaka hankali kwance. Wani da zoben silikon (wata roba mai laushi) yake toshewa, wani kuma, kamar na gorar roba ta kamfanin Nalgene, ba shi da zobe ko ɗaya, wani ɗan tudu ne a cikin murfin yake matse bakin gorar. Marar zoben ya fi ƙarancin matsala, don babu abin da zai ɓace ko ya yi fumfuna. Idan murfin murɗawa ya yi yoyo, mafi yawa ɗayan abu uku ne: an murɗa shi a karkace, yashi ya shiga haƙoran murɗin, ko zoben ya fice wajen wanki ba a lura ba. Dabarar kauce wa karkacewa ita ce ka fara juya murfin baya har ka ji ya faɗa gurbinsa, sannan ka murɗa gaba. Murfi mai maɓallin dannawa yana da daɗin sha da hannu ɗaya, sai dai ɓangarorinsa sun yi yawa, kuma in ba shi da makulli, wani kaya a jaka zai danna maka shi. Sannan a kula da ruwan zafi a mazubin da ya toshe ruf: in ka girgiza shi, iskar ciki na kumbura, da ka buɗe sai ya feso maka a hannu. In kuma ya huce a rufe, murfin yakan kame ya yi wuyar kwancewa.

Ƙarfe mai ruɓi ɗaya, wanda ake ɗorawa a wuta

Titaniyam ne ya yi suna, kuma akwai rashin fahimta a kansa. Bai fi alminiyam sauƙin nauyi ba. In aka ɗauki gutsure biyu masu girma ɗaya, alminiyam giram 2.7 ne a kowace santimita kubik (tsawo, faɗi da kauri duk santimita ɗaya), titaniyam 4.5, ƙarfe marar tsatsa kusan 8. Abin da ya sa kofin titaniyam ba ya nauyi shi ne ƙarfinsa ya isa a yi bangonsa siriri ƙwarai, ƙasa da rabin milimita, bai lotse ba. Misalan da aka fi sani: kofin Snow Peak na Japan mai cin mililita 450 giram 70 ne ba murfi, murfin daban ake saye. Na kamfanin Toaks mai cin mililita 750 giram 103 ne da murfinsa, 86 ba murfi. Akwai kuma siririn samfurinsu na mililita 550 da bai wuce giram 72 da murfi ba. Ba ya tsatsa, ba ya sauya ɗanɗanon abin sha, tsami ba ya cin sa, sai ya kai digiri 1,668 yake narkewa. Idan wuta ta mayar da gindinsa shuɗi ko ruwan hoda, ba lalacewa ya yi ba, launi ne kawai.

Aibinsa a wajen yaɗa zafi yake. Alminiyam ya ninka shi kusan sau goma wajen watsa zafi, shi ya sa a kofin titaniyam wutar ke taruwa daidai inda harshenta ya taɓa. Ga ruwa wannan ba komai ba ne. Ga koko, kunun gyaɗa ko madara kuwa, tsakiyar gindin zai kama ya ƙone tun gefe bai yi ɗumi ba. Mafita ita ce a tafasa ruwa zalla, a sauke, sannan a zuba gari ko madara a dama, a rufe minti biyar. Abu na biyu, bakinsa na ƙona leɓe idan an sauke shi yanzu. Ko dai a jira minti biyu zuwa uku, ko a sayi ɗan silikon da ake maƙalawa a baki, mai nauyin 'yan giram. Na uku kuwa, shayi na hucewa da sauri a cikinsa, musamman in iska na kaɗawa. Murfi a kai da safar hannu ko hula a naɗe a jiki suna rage wannan sosai. Tsada ma tana nan: yakan ninka na alminiyam sau biyu ko fiye.

Alminiyam bai cancanci rainin da ake yi masa ba. Duk mai shayi da ke dafa ruwa a buta ya san saurin tafasarsa. Siririn kofin alminiyam mai cin mililita 600 zuwa 700 bai cika wuce giram 100 ba, wato kafaɗa da kafaɗa yake da titaniyam, ga araha, ga shi ya fi dacewa da girki na gaske saboda zafi na bazuwa ko'ina. Sai dai yana lotsewa, kuma da bakin ya ɗan lanƙwashe murfi ya daina zama. Bakinsa ya fi na titaniyam ƙona leɓe, kuma ya fi daɗewa da zafin. A digiri 660 yake narkewa, don haka in ruwa ya ƙone a ciki aka manta shi a kan gas, gindin zai karkace ko ya huje. Tsami kuma na cin wanda ba a yi wa rufi ba: zoɓo, tsamiya ko lemon tsami in suka kwana a ciki za su ɗauko ɗanɗanon ƙarfe su kuma ɓata jikin. Wanda aka ƙona wa fuska da lantarki ya zama toka-toka mai duhu ya fi jurewa, muddin ba a goge shi da soson ƙarfe ba.

Ƙarfe marar tsatsa, wanda ake kira silba a kasuwa, shi ne jakin cikinsu. Kofin rabin lita yakan kai giram 140 ko fiye, kusan ninki biyu na titaniyam, amma ana iya tura shi cikin garwashi, a kankare shi da yashi, ya faɗo daga dutse, yana nan. Mai girki da itace, ko mai tafiyar kwana ɗaya da ba ya ƙirga giram, ba shi da dalilin wuce wannan. A duba gindinsa ko an buga 304 ko 18/8, don mai arha marar wannan alama yakan fara tsatsa daga wajen walda da naɗin baki.

Hannu ma abin dubawa ne a dukkan ukun. Hannuwan waya masu naɗewa a jiki su ne daidai. Idan harshen wuta ya fi gindin kofin faɗi, hannun zai yi zafin da ba a taɓawa, kuma idan an sa masa rigar roba za ta ƙone. A rage wutar ta tsaya a ƙarƙashin gindi. Gas ma zai ragu.

Masu riƙe zafi

Kofi mai ruɓi biyu, wanda iska ce tsakanin bangayensa, yana sa shayi ya daɗe da ɗumi kuma ba ya ƙona leɓe ko hannu. Na titaniyam na Snow Peak mai cin mililita 450 giram 118 ne, ƙarin kusan giram 50 ke nan a kan mai ruɓi ɗaya. Dokarsa guda ce: ba a ɗora shi a wuta ko kusa da ita. Iskar da ke kulle a tsakani za ta kumbura, ta kumbura gindin ko ta fasa waldar. Ma'ana, wanda ya ɗauko shi sai ya ɗauko tukunya daban. A ganina wannan ne mafi raunin zaɓi idan aka auna da kuɗinsa, domin kofin roba na yin aikin nan da kuɗi kaɗan.

Kofin roba da ake nufi shi ne mai lamba 5 a cikin 'yar alamar kusurwa uku da ke gindi. Wannan roba sai wajen digiri 160 take narkewa, don haka ruwan da ya tafasa ba ya yi mata komai, kuma ba ta ɗaukar zafi zuwa leɓe. GSI Infinity shi ne sanannen misali: kusan rabin lita, wajen giram 100, da rigar soso a jiki, da murfin kurɓa, da layukan awo a ciki. Ga mai son ya zauna ya sha shayinsa a natse yayin da tukunya ke kan wuta da abinci, babu kamarsa. Matsalarsa wari ne. Roba na riƙe ƙamshi da maiƙo, in ka sha miyar taliya a ciki da dare, shayin safe zai zo da ɗanɗanon magi. Rigar soson kuma in ta jiƙe a cire ta a shanya, in ba haka ba za ta yi tsami.

Kofin silikon mai naɗewa, irin X-Mug na kamfanin Sea to Summit, yana komawa faifai siriri, nauyinsa wajen giram 60. Wurin ajiya kawai yake ragewa. Yawancinsu ba su da murfi, jikin na lanƙwashewa a hannu ya tunkuɗo ruwan zafi sama, ƙura na manne masa, warin sabulu kuma ba ya barin sa. Kofin baƙo ne.

Filas shi ne kaɗai ke haɗa riƙe zafi da toshewa ruf. An zuƙe iskar da ke tsakanin bangayensa biyu, dabarar da James Dewar ya ƙirƙira a 1892, shi ya sa zafi ba ya samun hanyar fita sai ta baki. Sirara na zamani, irin na kamfanin Zojirushi mai cin mililita 480, suna wajen giram 200. Na kasuwa masu kauri sukan haura 300. Wannan nauyi ba ƙarami ba ne, kuma a tafiyar zafi asara ce, sai dai ga mai son ruwan sanyi. Inda yake biyan kuɗinsa shi ne inda sanyi ya yi tsanani ko tsayawa kunna wuta ba zai yiwu ba. Masu hawan Kilimanjaro a Tanzaniya sukan tashi da tsakar dare su nufi ƙololuwar Uhuru mai tsayin mita 5,895, kuma a wannan daren ruwa na daskarewa a gora da cikin tiyon jakar ruwa, na filas kuwa yana nan da ɗuminsa. Haka wanda zai kwana a Dutsen Kamaru, ko a saman Mambila cikin hunturu, zai gode wa shayin da ya dafa tun dare ya tarar da shi da asuba.

Tsawo na ƙara wa filas daraja ta wata fuskar. Duk mita 300 da aka hau, zafin da ruwa ke tafasa a kai yana raguwa da kusan digiri ɗaya. A Chappal Waddi da ke Gashaka Gumti a jihar Taraba, mai tsayin mita 2,419, ruwa na tafasa a wajen digiri 92, a saman Kilimanjaro kuwa kusan 80. Shayin ya fara da ƙarancin zafi tun daga tukunya, ga iska mai sanyi, sai ya huce a kofin ƙarfe kafin ka gama gyara zama. Shi ya sa kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke cewa ruwan sha a bar shi yana tafasa minti ɗaya, amma sama da mita 2,000 a kai shi minti uku.

Amfani da filas na da ƙa'idoji. A zuba ruwan zafi a ciki minti biyar a zubar kafin a zuba shayin, kuma a cika shi, don rabin filas ya fi saurin hucewa. Kada a bar madara a ciki yini guda: da zafin ya sauko ƙasa da digiri 60, ƙwayoyin cuta sun sami gida, madarar ta yi tsami, warin kuma ya kama zoben murfi. A zuba baƙin shayi ko ruwan zafi zalla, madarar gari a kofi. Kunu, fura ko duk abin da ke tsimuwa yana tara iska har ya tunkuɗo murfi. Kurɓa kai tsaye daga filas mai kyau ma na ƙona baki awa uku bayan zubawa, kuma a 2016 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya abin sha da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansar maƙogwaro. Filas mai murfin da ke zama kofi ya fi dacewa saboda wannan.

Gora mai murfin murɗawa

Ruwan sha na hanya a gora yake tafiya, kuma nan bambancin nauyi ya fi na kofuna girma. Gorar ruwan kanti ta lita ɗaya, mai lamba 1 a gindi, giram 35 zuwa 40 ce kacal. Masu doguwar tafiya a Amurka, irin masu bin hanyar Appalachian mai tsawon kusan kilomita 3,500, da yawansu ita suke amfani da ita makonni, musamman da yake bakinta na milimita 28 yana ɗaurewa da matatar ruwa ta Sawyer. Amma ba ta jure zafi, daga wajen digiri 70 take fara motsewa, murfinta ƙarami ne mai saurin ɓacewa, wankinta da wuya. A Kilimanjaro kuma ba a yarda a shiga da gorar roba ta sha-ka-yar ba.

Gorar Nalgene mai faɗin baki, ta lita ɗaya, wajen giram 180 ce, fara-farar samfurinta mai lamba 2 kuma ɗari da 'yan kai. Abin da kake saye da ƙarin nauyin: tana ɗaukar tafasasshen ruwa, murfinta na ɗaure da jikinta, bakinta na milimita 63 yana ɗibar ruwa a rafi marar zurfi yana kuma wankuwa, tana da layukan awo. A daren sanyi a cika ta da ruwan zafi, a murɗa sosai, a saka a cikin safa a kwanta da ita. Faɗin bakin na sa ruwa ya zubo maka a haɓa in kana sha kana tafiya. Tun 2008 kamfanin ya bar tsohuwar robar da ke ɗauke da sinadarin BPA da ake zargin yana cutar da lafiya, don haka tsohuwar gora mai tauri da ba a san shekarunta ba, irin ta gwanjo, kada a zuba mata ruwan zafi. Inda ruwa ke daskarewa, a bar sarari a sama domin ƙanƙara na ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, a kuma ajiye gorar a kife, don ƙanƙara daga sama take farawa, sai ta kama gindi ta bar murfi.

Akwai kuma masu barin wuta gaba ɗaya, su ɗauki 'yar roba mai faɗin baki da murfin murɗawa, ta kusan rabin lita mai giram 50 da ɗoriya, su jiƙa abinci da ruwan sanyi suna tafiya. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya jiƙa garin kwaki da sukari da gyaɗa ya san wannan dabara tun kafin a ba ta suna.

Girma, da yadda kaya ke shiga juna

Adadin da aka rubuta a jikin kofi har baki ne. Abin da za ka iya tafasawa ba tare da ya yi ambaliya ya kashe wuta ba, ka cire kusan kashi ɗaya cikin biyar. Kofin 450 zai ba ka 350, shayin mutum ɗaya ke nan ba ƙari. Na 550 ya isa shayi ko taliyar leda ɗaya idan an kakkarya ta. Na 750 zai tafasa mililita 600, wato abinci da shayi a tashi ɗaya, kuma shi ne ya fi dacewa da mutum ɗaya mai kofi ɗaya. Daga 900 zuwa sama tukunya ce, sha a ciki ba daɗi.

Faɗin baki ya fi yawan mililita muhimmanci wajen shirya jaka. Kofi mai faɗin milimita 95 yana haɗiye ƙaramin gwangwanin gas, wanda faɗinsa wajen 90 ne, kuma a na 750 akwai sauran wuri na ɗan kan murhu da ashana. Gorar Nalgene ta lita ɗaya ma na zama a cikinsa. Gwangwanin gas na giram 230 ba ya shiga. A sa ƙyalle tsakanin gwangwani da kofi, domin gindin gwangwanin na tsatsa idan ya sami laima ya bar zobe ja a ciki. Kofi siriri dogo kuma yana ɓarnar gas, harshen wuta na bin gefe yana wucewa, ga saurin kifewa a ƙasa marar daidai.

To wanne za a ɗauka?

A haɗa lissafin gaba ɗaya, kada a auna kofi shi kaɗai. Kofin titaniyam na 750 da murfinsa, da gorar kanti ta lita ɗaya, wajen giram 140 ne, sun kuma ɗauke tafasawa, sha da ɗaukar ruwa. Ga mutum ɗaya a yanayin da ba sanyi sosai, wannan ne zaɓin da ya fi, kuma in kuɗi sun yi kaɗan a maye titaniyam da alminiyam, nauyin kusan ɗaya ne. Abin da aka sadaukar shi ne ba a ci a sha lokaci guda: sai an gama da taliya, a ɗauraye, sannan shayi.

Wanda shayi ke da girma a wajensa, ko masu tafiya su biyu uku da tukunya ɗaya, kowa ya ƙara kofin roba mai murfin kurɓa. Tukunya 103, kofi 100, Nalgene 180, jimla wajen giram 380. Bambancin da na farko giram 240 ne, rabin ledar fiya wota. Ba abin raini ba ne a hawa mai tsayi, amma mutumin da ke ɗauke da litar ruwa ta ƙari da ba zai sha ba, kilo guda ke nan, bai kamata ya tsaya jayayya a kan giram 20 na murfi ba. Mai zuwa inda ake daskarewa ya ɗauki filas na rabin lita da Nalgene, ya bar kofin roba a gida. Mai yawon yini ɗaya a duwatsun Shere kusa da Jos ba ya bukatar murhu ma: filas da gora sun wadatar.

Gwaji kafin a fita

Kowane mazubi a gwada shi a gida. A cika mai murfin murɗawa da ruwa, a kwantar da shi a kan takarda ya kwana, sannan a kife shi a matsa. A maimaita da ruwan zafi, don wani murfin sai ya ji zafi yake sakin jiki. Filas kuwa a cika shi da tafasasshen ruwa a rufe minti biyar a taɓa jikinsa: in ya yi ɗumi a tsakiya, iska ta shiga tsakanin bangayen, ya mutu, kuma ba ya gyaruwa. Faɗuwar da ta lotsa shi har bangon waje ya taɓa na ciki ita ke jawo haka. A ɗora kofi a sikelin kicin a gwada da abin da aka rubuta. Maganaɗisu ba ya tantance titaniyam na gaske, domin alminiyam ma ba ya kamawa, silba mai kyau ma da ƙyar. Nauyi da launi ne shaida: titaniyam toka-toka ne marar ƙyalli, siririn bangonsa kuma ba ya lotsewa da matsin yatsa. Araha ba ta ado, kofin da aka ce titaniyam ne amma kuɗinsa na alminiyam, a yi masa kallon alminiyam.

A hanya, idan an sa ƙwayar tsabtace ruwa mai kulorin, a jira minti 30, amma tun da farko a ɗan sassauta murfin a kife gorar ruwan maganin ya wanke haƙoran murɗi, don ɗigon ruwan rafi da ya maƙale a nan shi ne zai fara taɓa baki. Wanki a yi shi aƙalla mita 60 daga rafi. Baƙin hayaƙin itace da ke gindin kofi ba sai an kankare ba, a dai saka kofin a jakarsa kada ya shafi tufafi. Da an dawo gida a ciro zoben silikon da bakin cokali, ba da wuƙa ba, a jiƙa shi da murfin a ruwan ɗumi da cokali ɗaya na bekin soda, a shanya kowanne daban, a ajiye gora da filas baki a buɗe.